Yadda Ake Mayar da Hoton Tsarin Kwamfuta ga Kwamfutocin Ofis ta Netwok

Idan kwamfutoci ashirin ne a gabanka, kowacce tana buƙatar Windows da manhajojin aiki da direbobinta, bin su ɗaya bayan ɗaya da filash zai cinye maka kwanaki, kuma da wuya su fito iri ɗaya. Hanyar da ta fi ita ce ka gyara kwamfuta guda har ta yi yadda kake so, ka ɗauki hoton faifanta gaba ɗaya, ka ajiye a saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, sannan sauran su tashi ta wayar netwok su kwashi wannan hoton. Abin da nake kira hoto a nan shi ne cikakken kwafin faifai, har da ɓangaren da ke tayar da kwamfuta, ta yadda duk faifan da aka zuba wa shi zai tashi da kansa.

Zan bi da kai ta FOG, manhaja ce ta kyauta da ake ɗorawa a kan Linux, domin ita na fi amincewa da ita a ofishin da za a riƙa maimaita aikin. Daga baya zan faɗi abin yi idan babu saba.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta guda da za ta zama saba. Tsohuwa ma ta isa, muddin tana da kafar netwok ta gigabit da faifai mai fili. Ka ɗora mata Debian ko Ubuntu Server, sabuwar ɗorawa, kada a haɗa ta da wani aiki.

Kwamfutar samfuri, wato wadda za a ɗauki hotonta. Ta kasance irin waɗanda za a zuba wa, idan kuma faifansu ya bambanta, ka zaɓi mai ƙaramin faifai.

Suwic na gigabit, wato akwatin da ke haɗa wayoyin netwok, da wayoyin Cat5e ko Cat6 masu lafiya. Wayales ba ya cikin lissafi, tashi ta netwok da waya ake yinsa. Laftof da ba ta da kafar waya sai ka nemo mata adafta ta USB wadda BIOS ɗin laftof ɗin, wato tsarin da ke fara tayar da ita, ya sani, don ba kowacce ce ke tayar da kwamfuta ba.

UPS ga saba da suwic. Faifan waje don kwashe fayilolin ma'aikata. Filash mai Clonezilla Live, wata manhajar kwafin faifai, a aljihu saboda ko-ta-kwana. Takarda ko jadawali da za ka rubuta sunan kowace kwamfuta da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar kafar netwok ɗinta. Sai izinin mai kula da netwok ɗin ofis, idan ba kai ba ne, da tabbacin cewa lasisin Windows da kuke da shi ya yarda a zuba hoto ɗaya a kwamfutoci da yawa.

Abin da ke faruwa a cikin waya

Kaɗan za ka riƙe, amma shi zai fitar da kai ranar da abu ya cije. Kwamfutar da aka ce ta tashi ta netwok tana amfani da tsarin PXE. Da farko tana neman adireshin IP daga DHCP, hidimar da ke raba wa kwamfutoci adireshi a netwok. Tare da adireshin, DHCP yana gaya mata abu biyu: adireshin sabar da za ta je, shi ne zaɓi na 66, da sunan fayil ɗin da za ta ɗauko, shi ne zaɓi na 67. Sai ta ɗauko wannan ɗan fayil ta TFTP, wanda ke aiki a kafa ta 69 ta UDP. Fayil ɗin ya tayar da ƙaramin Linux a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi kuma ya jawo hoton ya rubuta a faifai. DHCP, TFTP, sannan hoto. Duk matsalar da za ka gamu da ita tana ɗaya daga cikin waɗannan matakai uku, kuma a jere suke zuwa.

Mataki na 1: Kwashe kayan mutane

Zuba hoto yana shafe faifan kwamfuta kakaf, babu dawowa. Kafin ka taɓa komai, bi kowace kwamfuta ka kwashe abin da ke Desktop da Documents da Downloads, da fayilolin Outlook masu ƙarewa da pst, da shafukan da aka adana a birauza. Ka tambayi mai kwamfutar da bakinsa, domin mutane suna ajiye abu mai muhimmanci a inda ba za ka yi zato ba, musamman masu manhajar lissafin kuɗi da ke ajiye bayananta a cikin C kai tsaye. Bayan ka kwafa, buɗe wasu fayiloli daga faifan wajen ka ga suna buɗuwa.

Mataki na 2: Kafa sabar

Ba wa sabar adireshin IP tsayayye tun kafin ka ɗora FOG. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: FOG yana rubuta adireshin a wurare da dama lokacin ɗorawa, canza shi daga baya wahala ce. Ka kuma ba wa folda /images fili mafi yawa, can hotuna ke zama.

Sauko da FOG daga shafinsa, shiga folda bin, ka gudanar da ./installfog.sh a matsayin root. Zai yi maka tambayoyi. Zaɓi ɗorawa ta Normal. Tabbatar da kafar netwok da adireshin da ya nuna. Idan ya tambaye ka ko FOG ya zama DHCP, dakata ka karanta mataki na gaba kafin ka amsa. Can tsakiyar aiki zai tsaya ya ce ka buɗe birauza ka je adireshin sabar da /fog/management a ƙarshe, ka danna maɓallin kafa rumbun bayanai. Sai ka yi hakan tukuna za ka dawo ka danna Enter. Masu gaggawa suna danna Enter kafin su je birauza, ɗorawar ta lalace.

Sunan shiga na farko fog ne, kalmar sirri kuma password. Canza ta nan take.

Mataki na 3: Daidaita DHCP

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kai. Kada DHCP biyu su riƙa raba adireshi a netwok guda. Idan ka kunna na FOG alhali rauta ta ofis tana nata, kwamfutocin ma'aikata za su fara karɓar adireshin da ba nasu ba, intanet ya yanke, firinta ta ɓace, kuma ba wanda zai gane daga ina ne sai an sha wuya. Hanyoyi uku ne a gabanka.

Ta farko, wadda nake ba sabon shiga shawara ya bi: ware netwok ɗin aikin gaba ɗaya. Suwic guda, sabar da kwamfutocin da za a zuba wa kawai, babu wayar da ta haɗa shi da na ofis. A nan ka amsa wa FOG da eh, ya zama DHCP. Shi da kansa zai tsara komai, har da bambance kwamfuta mai tsohon BIOS da mai UEFI, sabon tsarin da ya gaje shi. Sai dai ka gama duk abin da ke buƙatar intanet a sabar kafin ka cire ta.

Ta biyu: idan ofis yana da DHCP da za ka iya gyarawa, misali na Windows Server, ka amsa da a'a, sannan ka je ka sa adireshin sabar FOG a zaɓi na 66, sunan fayil a zaɓi na 67. Sunan ya danganta da kwamfutar. Mai UEFI tana son ipxe.efi ko snponly.efi, mai tsohon BIOS tana son undionly.kpxe. Idan ka ba mai UEFI fayil ɗin BIOS, za ta ɗauko shi ta kasa tayar da shi, ta wuce zuwa faifanta kamar ba a yi komai ba. Idan kwamfutocin gauraye ne, ana kafa ƙa'ida a DHCP da ke duba irin kwamfutar ta ba kowacce nata, amma ya fi sauƙi ka mayar da su duka UEFI in suna iyawa. Windows 11 dama UEFI take buƙata.

Ta uku: idan DHCP ɗin a ƙaramar rauta yake wadda ba ta da waɗannan zaɓuɓɓuka, ɗora dnsmasq a sabar a yanayin wakili. A wannan yanayi ba ya raba adireshi, rauta ce ke ci gaba da yi, shi dai yana ƙara gaya wa mai neman PXE inda za ta je. Layin da ke yin haka shi ne dhcp-range, sai adireshin sabar, sai kalmar proxy. Yana amfani da kafa ta 4011 ta UDP, ka tabbata katangar tsaro ta sabar ba ta toshe ta ba.

Mataki na 4: Gyara kwamfutar samfuri

Duk abin da ka bari a wannan kwamfuta, mai kyau da mara kyau, zai bayyana a kowace kwamfuta ta ofis. Don haka sabuwar ɗorawa za ka yi, kada ka ɗauki kwamfutar da wani ya yi shekara yana aiki da ita.

Ɗora Windows. Idan ta kai shafin farko da ke tambayar ƙasa, danna Ctrl da Shift da F3 tare. Za ta sake tashi ta shiga yanayin Audit a matsayin Administrator, ba tare da ka ƙirƙiri asusun kowa ba. A nan za ka sa sabuntawar Windows, direbobi, da manhajojin da kowa ke buƙata. Kada ka shigar da ita domain, wato tsarin asusun bai-ɗaya na ofis, kada ka shiga asusun Microsoft ko imel na wani, kada ka ajiye kalmar sirri a birauza. Manhajar da lasisinta na mutum ɗaya ne, bar ta sai bayan zubawa.

Abu uku kafin rufewa. Na ɗaya, buɗe layin umarni a matsayin Administrator ka rubuta powercfg /h off. Wannan yana kashe barcin faifai da Fast Startup. In ba haka ba Windows ba ta rufe faifan gaba ɗaya, FOG kuma zai ƙi ɗaukar hoton. Na biyu, duba BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, da manage-bde -status. Sababbin kwamfutoci sukan fara kulle faifai da kansu ba tare da an sa su ba. Idan ka ga an kulle ko ana kan kullewa, rubuta manage-bde -off C: ka jira har ya nuna an buɗe duka. Kullallen faifai ba ya matsuwa, ba a iya rage girmansa. Na uku, share fayilolin wucin gadi da ragowar sabuntawa, don hoton ya yi sauƙi.

Idan kana son FOG ya riƙa canza wa kowace kwamfuta suna ya shigar da ita domain da kansa, ɗora manhajarsa ta FOG Client, amma ka kashe hidimar FOGService kafin Sysprep, wanda bayaninsa ke tafe, ka sa umarnin sake kunna ta a fayil ɗin SetupComplete.cmd da ke C:\Windows\Setup\Scripts. Idan ka bar ta a kunne, tana iya sake tayar da kwamfuta ana tsakiyar saitin farko, Windows ta lalace.

Yanzu Sysprep. Yana cikin C:\Windows\System32\Sysprep. Umarnin shi ne sysprep /generalize /oobe /shutdown. Aikinsa cire abin da ya keɓanta da wannan kwamfuta, wato sunanta, lambar shaidarta ta SID da bayanan na'urorinta, don kowace kwamfuta ta ƙirƙiri nata. Wasu suna tsallake shi su ce ai kwamfutocin iri ɗaya ne. Ban yarda da wannan ba. Microsoft ba ta tallafa wa hoton da ba a yi wa Sysprep ba, kuma matsalolin suna fitowa ne daga baya, a sabar sabuntawa da wajen raba fayiloli, lokacin da ba wanda zai tuna da hoton. Idan Sysprep ya ƙi, buɗe setupact.log a folda Panther da ke cikin Sysprep ɗin. Galibi wata manhaja ce ta Microsoft Store da ta sabunta wa asusu guda kaɗai, za ka ga sunanta, ka cire ta ka sake gwadawa. Idan ba ka son amsa tambayoyin ƙasa da allon rubutu a kowace kwamfuta, shirya fayil unattend.xml ka haɗa da umarnin.

Bayan Sysprep ya kashe kwamfutar, kada ka bari ta sake tashi cikin Windows. Tashinta na gaba ta netwok zai kasance, in ta kuɓuce ta shiga Windows sai an sake Sysprep.

Idan Linux ce a kwamfutocin, babu Sysprep, amma akwai makamancinsa: ka wofinta fayil /etc/machine-id, ka share mabuɗan ssh_host da ke /etc/ssh, ka ƙirƙiri sababbi bayan zubawa. Idan machine-id ya zama ɗaya, wasu tsare-tsaren suna neman adireshi da shi, sai ka ga kwamfutoci suna rigima a kan IP guda.

Mataki na 5: Saitin BIOS

A kwamfutar samfuri da duk sauran, shiga BIOS ka kunna tashi ta netwok. Wasu suna kiransa PXE Boot, wasu Network Stack, kuma IPv4 za ka zaɓa. Kashe Secure Boot na ɗan lokaci, domin yakan hana fayil ɗin FOG tashi. Sai ka duba yanayin faifai: idan yana kan RAID ko Intel RST, ƙaramin Linux ɗin yana iya kasa ganin faifan sam. AHCI ya fi, kuma ya kamata ka saita shi a samfurin tun kafin ɗora Windows. Yanayin ya zama ɗaya a duka kwamfutocin, in ba haka ba za ka gamu da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE.

Mataki na 6: Ɗaukar hoton

A shafin FOG, ƙirƙiri sabon hoto a sashen Images. Ba shi suna mai ma'ana, da irin kwamfutar da watan da aka yi shi. A nau'in hoto zaɓi Single Disk Resizable, shi ne ke ba da damar zuba wa faifan da girmansa ya bambanta, ya kuma faɗaɗa ya cika faifan.

Kunna samfurin ka danna maɓallin zaɓin tashi, F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, ka zaɓi netwok. Jerin FOG zai fito. Zaɓi cikakkiyar rajista, ka ba ta suna, ka haɗa ta da hoton da ka ƙirƙira. Ka tsaya a kanta, domin bayan rajista za ta sake tashi, kuma jerin yana wucewa zuwa faifai cikin daƙiƙu kaɗan. Kashe ta da maɓalli kafin ta kai can. Mafi aminci ma, yi rajistar tun kafin Sysprep.

Koma shafin FOG, nemo ta a Hosts, ka ba ta aikin Capture, sannan ka tayar da ita ta netwok. Shuɗin allon Partclone zai fito yana nuna ci gaba. Ka kula da kalmomin nan biyu: Capture ɗauka ne daga kwamfuta zuwa saba, Deploy zubawa ne daga saba zuwa kwamfuta. Wanda ya ba kwamfutar da babu komai aikin Capture ya rufe hotonsa mai kyau da wofi. Da zarar an gama, sa wa hoton alamar Protected a saitinsa, ka kuma kwafi foldarsa zuwa faifan waje.

Mataki na 7: Gwaji a kan guda ɗaya

Kada ka zuba wa duka kai tsaye. Ɗauki kwamfuta ɗaya, ba samfurin ba, yi mata rajista, ka ba ta aikin Deploy. Bayan ta tashi, duba Device Manager ko akwai na'ura mai alamar rawaya, duba sauti da netwok da firinta, duba ko C ya cika faifan, duba ko Windows ta kunna lasisinta, buɗe kowace manhaja. Idan kwamfutocin nau'i biyu ne ko uku, gwada ɗaya daga kowane nau'i. Gyara ɗaya a samfuri ya fi gyara ashirin a teburan mutane.

Mataki na 8: Zuba wa sauran

Yi wa kowacce rajista da sunan da ke jadawalinka, ka tara su a rukuni guda a sashen Groups, ka haɗa rukunin da hoton. Daga nan zaɓi biyu ne.

Deploy na rukuni yana tura wa kowace kwamfuta kwafinta daban, duk ta waya ɗaya ta sabar. Wayar gigabit tana ɗaukar kimanin megabait 110 a daƙiƙa, wato hoton gigabait 30 zai iya wucewa cikin minti biyar ga kwamfuta ɗaya idan faifai bai ja baya ba. Idan goma ne lokaci guda, su goman za su raba wannan gudu.

Multicast kuwa sau ɗaya sabar ke aikawa, duk su karɓa tare, kamar mai shela guda da jama'a da yawa ke ji. Ga sharuɗɗansa. Ba ya farawa sai duk kwamfutocin rukunin sun tashi sun shiga jira ko lokacin jiran da aka saita ya ƙare, don haka guda ɗaya da ta ƙi tashi za ta jinkirta kowa. Cire ta daga rukunin ka sake ba da aikin. Gudun kowa yana komawa na wadda ta fi rauni: waya ɗaya mai matsala da ta faɗo zuwa megabit 100, wato kashi ɗaya cikin goma na gigabit, za ta mayar da aikin minti biyar ya kusan kai minti arba'in da biyar. Duba fitilun suwic kafin farawa, yawancinsu suna nuna launi daban ga kafar da ta faɗo. Kuma idan a netwok ɗin ofis kake, sai suwic yana da IGMP snooping a kunne, in ba haka ba zai watsa bayanan ga kowace kafa, aikin kowa ya tsaya. A irin wannan hali ka yi bayan an tashi daga aiki, ko ka koma keɓaɓɓen suwic.

Bayan an gama, ka ba kowacce sunanta idan FOG Client bai yi ba, shigar da ita domain, mayar da Secure Boot, kunna BitLocker ka adana mabuɗin ceto, mayar da faifai farkon jerin tashi, sannan ka dawo wa mutane da fayilolinsu.

Idan ta ƙi tashi ta netwok

Karanta saƙon da ke allo, ka ɗauki hotonsa da waya don yana saurin wucewa. PXE-E61 waya ce, ba a soka ba ko ta lalace. PXE-E51 na nufin babu amsar DHCP. Idan DHCP yana aiki amma wannan saƙon na fitowa, ka zargi suwic: a masu tsohon tsarin Spanning Tree kafa takan yi kusan daƙiƙa 30 kafin ta fara wuce bayanai, kwamfutar kuma ta gaji da jira. Kunna PortFast, ko abin da suwic ɗinka ke kira Edge Port, a kafofin kwamfutoci. PXE-E53 na nufin ta sami adireshi amma ba a gaya mata sunan fayil ba, koma zaɓi na 67. PXE-E32 na nufin TFTP bai amsa ba, duba adireshin zaɓi na 66 da katangar tsaro. Idan ipxe.efi ya tashi sannan ya maƙale, gwada snponly.efi, shi yana amfani da direban netwok na kwamfutar kanta.

Idan babu saba

Aikin da sau ɗaya za a yi bai cancanci kafa FOG ba. Tayar da samfurin da filashin Clonezilla Live, zaɓi device-image sannan savedisk, ka ajiye hoton a faifan waje. Sai ka tayar da wata kwamfuta guda mai lafiya da filashin, ka soka faifan wajen, ka zaɓi lite-server. Zai tambaye ka ko ya yi amfani da DHCP da ke akwai ko ya kunna nasa, gargaɗin mataki na 3 yana nan daram. Ka nuna masa hoton, ka zaɓi multicast, ka faɗi adadin kwamfutocin da zai jira. Sauran su tashi ta PXE, waɗanda suka ƙi kuma ka tayar da su da filashi ka zaɓi lite-client ka rubuta adireshin sabar.

Bambanci ɗaya ka riƙe: Clonezilla yana son faifan da za a zuba wa ya kai girman na asali ko ya fi. Faifai biyu da aka rubuta wa 256GB ba lallai su yi daidai ba, na wani kamfanin kan gaza da kaɗan. Maganinsa ka rage girman C a Disk Management tun kafin Sysprep, ka bar fili a ƙarshen faifan, sannan wajen zubawa ka shiga yanayin Expert ka zaɓi -icds don ya tsallake binciken girman faifai. Bayan kwamfutar ta tashi sai ka faɗaɗa C ya cinye ragowar filin.